Albashi, Albasa da Zangon Karatu: Sha'anin Gidan Haya a Jega, Aliero da Maiyama

Duk matafiyin da ya taso daga Birnin Kebbi da hantsi ya iso Jega, ya ɗan tsaya a mararrabar nan inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe ta bi ta Aliero da Tambuwal har Sakkwato, ɗaya kuma ta gangara kudu ta ƙetare Gulbin Zamfara ta ratsa Maiyama da Koko ta nufi Yawuri, in dai yana da idon lura, ba zai rasa ganin wani abu da ya zama ruwan dare a bakin waɗannan garuruwa ba, wato gine-ginen bulo da suka kai linta suka tsaya, rodi ya yi tsatsa a kansu, tumfafiya ta tsiro a tsakar ɗakunan da ba a rufa ba, awaki kuma sun mai da su wurin ƙailula. Kowane kango daga cikinsu niyyar wani bawan Allah ce, ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ko manomin da albasa ta yi wa kyau shekara guda, ko ɗan kasuwar da ya ji ana cewa wanda ya zuba kuɗinsa a ƙasa bai yi asara ba. Da yawansu gidan haya suka nufa, kuma da lissafin abin da zai shigo suka fara, suka tsallake tambayar da ta cancanci a gabatar da ita, wato wane ne zai shiga ɗakin, yaushe kuɗi ke zuwa hannunsa, wata nawa kuma zai kwana a ciki cikin shekara.

Magabatan wannan ƙasa sun san tambayar sarai. Jega, tun da Malam Buhari ɗan Abdussalami mutumin Gimbana ya kafa ta a wajejen 1820 a ƙarƙashin Gwandu, gari ne na baƙi, domin kasuwarta ta yi suna a ƙarni na 19 har ta zama matattarar fatake masu bin hanyar Gwanja neman goro da masu gangaro da kanwa da gishiri da dabbobi daga arewa. Baƙon wancan zamani ba ya biyan kuɗin ɗaki. Yakan sauka a gidan fatomansa, a ba shi shimfiɗa da tuwon dare da wurin ajiye kaya, fatoma ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, sa'an nan ya ci la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Ɗan gari kuwa zama a ɗakin haya kusan abin kunya ne a gare shi, tun da ko yaya gidan ubansa ya ƙuntata, ba a rasa gefen da za a yanka masa ya yi ginin aure. Abin da ya kamata mai gidan haya na yau ya gada daga fatoma shi ne sanin baƙonsa, domin fatoma ya san sana'ar wanda ya sauka gidansa, ya san watan zuwansa da na tashinsa, ya kuma san wanda zai tuntuɓa a garinsu idan wani abu ya faru.

Abin da ya sauya al'amarin kuwa sananne ne. An cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, ma'aikata suka yawaita, ƙananan hukumomi suka sami sakatariya da asibiti da ofishin 'yan sanda, aka turo malamai da ma'aikatan jinya daga garuruwan da ba nasu ba. Jega ta sami kwalejin horar da ma'aikatan lafiya, sa'an nan a 2006, zamanin gwamna Muhammadu Adamu Aliero, aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha a Aliero, wadda daga baya aka sa mata sunan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Da haka aka wayi gari da wani sabon irin baƙo, wanda ba ya ɗauke da kayan da za a ci la'ada a kansu, sai dai kuɗin da zai miƙa a ba shi ɗan makulli.

Garuruwan nan uku, Jega da Aliero da Maiyama, maƙwabtan juna ne, tafiyar da ke tsakaninsu a mota ba ta isa a yi gyangyaɗi ba, amma wanda ya ɗauki zanen gida ɗaya ya gina shi a dukkansu, lalle zai yi da-na-sani a biyu daga ciki.

A Aliero ɗalibi ne sarkin 'yan haya. Kuɗinsa daga hannun mahaifi suke fitowa, yakan biya na shekara gaba ɗaya a farkon zangon karatu, wanda kuwa ni'ima ce ga mai gida, amma da wuya ya zauna shi kaɗai, sai su haɗa kuɗi su biyu ko uku ko huɗu su kama falle ɗaya, ta yadda ƙofa da makulli da soket da masai za su sha aikin da ya ninka na magidanci. Bukatunsa ba su da yawa, sai dai ba ya sassauci a kansu: ruwan da zai yi wanka kafin lacca, wutar da zai yi cajin waya da kwamfuta ya kuma yi karatun dare, da kusanci da inda zai sami abin hawa zuwa makaranta. Idan 'yan mata ne, to iyaye su ke zaɓe, abin da suke dubawa kuwa shi ne tsawon katanga, da ƙofar da ake rufewa da dare, da mai gadi dattijo, da tabbacin cewa ba a gauraya su da samari a tsakar gida ɗaya ba. Kuma wanda ya tsare waɗannan, ɗakunansa sukan cika tun kafin a dawo hutu ba tare da ya nemi dillali ba. Haɗarin wannan haya a rufe makaranta yake. An gani a 2020 lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan tun daga watan Maris, an kuma gani a 2022 sa'ad da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a jami'o'in da suka shiga. A irin wannan hali ɗalibi yakan dawo ya ce shekarar karatu ya biya, ba ta kuwa ƙare ba, mai gida ya ce wata goma sha biyu ya sayar, sun kuwa cika, alhali katifar yaron da akwatinsa na kulle a ɗakin duk tsawon lokacin. Fuƙaha'un Malikiyya sun tafi a kan cewa kuɗin haya yana lazimtar mutum da zarar an ba shi ikon amfani da gida, ko ya shiga ko bai shiga ba, saboda haka hujja tana wajen mai gida; sai dai hujjar da za a ci da ita a gaban alƙali daban take da maslahar da za ta sa ƙanen ɗalibin ya nemi gidan baɗi, kuma abin da ya fi shi ne a rubuta tun farko cewa haya daga wata kaza zuwa wata kaza take, in kuma an rufe makaranta fiye da wata kaza za a yafe kashi kaza.

Akwai kuma wasu baƙin Aliero da masu gini ke mantawa da su. Garin ya daɗe da shahara wajen ɗori, ana kawo masu karaya daga nesa su zauna makonni tare da masu jinyarsu, su kuwa ɗakin da ya dace da su shi ne mai faɗin ƙofa, marar tsawon dokin ƙofa, mai kusa da bayan gida, wanda za a iya biya mako-mako. Sai kuma sha'anin albasa, wadda ita ce ainihin dukiyar garin, tun da kasuwarta na jawo masu saye daga kudancin ƙasar nan da maƙwabtan ƙasashe. Wanda ya yi tunanin gina sito don masu albasa, ya sani cewa ita albasa iska take so, shi ya sa manoma ke ajiye ta a rumfunan kara da ciyawa, kuma in aka kulle ta a shagon siminti mai rufin kwano cikin zafin bazara, ruɓa za ta yi, ta bar wa mai shago wari da gardama. Haka nan wanda ɗan hayarsa manomin albasa ne ko dillalinta, kada ya tsananta masa a lokacin da kaya suka cika kasuwa farashi ya faɗi. Ya ajiye wa'adin biya ya dace da ƙarshen shekara, sa'ad da ta ajiya ke yin daraja. Ma'aikaci yakan ce sai an yi albashi, manomi yakan ce sai an sayar da albasa, kowannensu kuwa gaskiya ya faɗa, laifin na wanda bai tambaya ba ne tun ranar ba da makulli.

A Jega kasuwa ce ke jan ragama, saboda haka shago a bakin hanya ya fi ɗakin kwana kawo kuɗi idan aka auna da faɗin wurin da ya ci, ga shi ba ya bukatar masai ko madafa, ba a kuma kiran mai shi tsakar dare a raba faɗan matan 'yan haya a kan layin shanya. Wanda filinsa ke kallon titi, hikima ita ce ya jera shaguna a gaba, ya yi ciki da falo biyu ko uku a baya, ya fitar musu da ƙofa ta daban. Amma Jega a gefen gulbi take, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a sassa da dama na jihar, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da fadama ke yi idan ta tuna da iyakarta. Filin da dillali ya nuna maka a watan Maris yana fayau kamar faranti, ka koma ka dube shi a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ka kuma dubi gindin katangar maƙwabta, domin alamar da ruwa ya bari a jikin bango ta fi rantsuwar mai sayarwa gaskiya. Maiyama kuwa ƙasar noma ce, fili ya fi araha, masu neman haya kuma sun fi ƙaranci: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan sanda, ma'aikacin ƙaramar hukuma, waɗanda takardar canjin wurin aiki kan ɗauke su ba sallama. A can gida ƙarami mai tsabta da ɗakin ajiyar hatsi ya ishi mai nema.

Sa'an nan a zauna a yi lissafi da alƙalami, domin lissafin da ake yi a zuci kullum riba yake nunawa. Mu ƙaddara, don misali kawai, mutum ya kashe naira miliyan 20 ya gina ɗaki 10, yana karɓar naira 100,000 a kowane ɗaki a shekara. Ya tara miliyan 1 ke nan idan duk sun cika kuma duk sun biya, abin da ba ya faruwa sai a takarda. In aka cire ɗaki guda da ya kwana babu kowa, da wani da mai shi ya gudu da bashi, da kwasar masai, da gyaran kwano, da haƙƙin wakili, abin da zai rage ba zai mayar masa da uwar kuɗinsa ba sai bayan shekara 25 ko fiye. Fa'idar gidan haya ta haƙiƙa tana cikin cewa ƙasa da gini suna riƙe daraja yayin da naira ke zubewa, kamar yadda kowa ya shaida tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma suna zama abin da marayu za su dogara da shi. Wanda ya ci bashin banki mai ruwa don ya gina, bayan abin da shari'a ta faɗa a kan riba, lissafin ma kansa ba ya goyon bayansa.

Game da takardu, a taƙaice, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a yankunan da aka ayyana birane, galibi ta shekara 99, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ta gargajiya a karkara, kuma sayar da fili mai takardar gwamna yana bukatar amincewarsa. Takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa da hatimin hakimi tana da amfani ƙwarai, amma mafari ce, ya kamata a bi ta har ma'aikatar filaye a Birnin Kebbi, a kuma tabbatar ginin bai shiga hurumin babbar hanya ko ƙarƙashin manyan wayoyin wuta ba. Inda aka fi faɗawa rami shi ne gidan gado. Na san gidan da wani ɗan'uwa mai zuciyar kirki ya zuba kuɗinsa ya rufa, ya yi dabe, ya sa 'yan haya, ba tare da an raba gado ko an rubuta abin da ya kashe ba, shekara uku ana yi masa godiya, ta huɗu aka fara tambayarsa lissafi, yau kuwa shi da 'yar'uwarsa sai gaisuwar Salla. Mai saye daga waje ma ya kiyaye, domin idan ya sayi rabon magaji ɗaya a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya shi abin da ya biya su karɓe.

Idan aka zo gyara, a nan ne na fi ganin ana kifa kwando. Mutum zai sayi tsohon gida, ya fara da fenti da tayil da fitilu masu launi, saboda su ido ke gani, alhali kuwa tsarin da ya dace shi ne a fara da rufi, a gangaro gindin bango, a je masai, a zo ga ruwa, a bi da wuta, fenti ya zo a ƙarshe in kuɗi sun ragu. Iskar farkon damina a wannan yanki ba ta wasa, kowace shekara sai ta kwashe rufin gidaje da azuzuwa, dalili kuwa galibi ɗaya ne: an aza katako a kan bulo an buga ƙusa an tafi, ba a ɗaure shi da langa-langa ko waya a jikin rodin da ke cikin kankare ba. Katakon kansa a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi, kwano kuma kada a sayi mai kaurin takarda don arha, domin arha ba ta ado, kuma ƙusa na huda irin wannan kwano ya fara ɗiga a damina ta biyu. A ɗaga gini ya yi tsawo, a sa silin, a bar tagogi biyu masu kallon juna, saboda a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ɗakin da ba ya shan iska kuwa ɗan haya zai bar shi da zarar ya sami wani.

Tsohon ginin ƙasa yana da nasa hukunci. Da yawa sukan shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye suna zaton sun huta da yaɓe, ba su san ƙasa da siminti ba sa riƙe juna ba. Shafen yakan buɗe baki daga sama, ruwa ya shiga ta baya ya jiƙa bango a ɓoye, sai wata rana cikin Agusta a ji ya zube gaba ɗaya. Ko dai a ci gaba da yaɓe da makuba irin na magabata, ko a buga raga da ƙusoshi kafin a yi shafe, a kuma rufe kan bangon. A duba azara ko gara ta cinye cikinta ta bar ɓawo, a tsawaita indararo don ruwa ya faɗi nesa da gindin gini, a buɗe rariya, a yi wa bango ɗan dakali a ƙasa. Bulo kuwa, tun da farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, duk da cewa ga kamfanin Kalambaina nan kusa a Sakkwato, wasu masu bugawa sun koyi fitar da bulo fiye da ƙima daga buhu ɗaya. Gwajinsa ba wuya: a karce shi da ƙusa, in ya zubo kamar garin rogo a bar wa mai shi kayansa. Wanda ya sami hali ya sayi siminti da yashi a buga a gabansa, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai, ya fi kwanciyar rai.

Masai shi ne abin da ake jin nauyin ambata, shi ne kuma ke korar mutanen kirki daga gida. Ɗaki goma a kan rami ɗaya fitina ce da aka gina da hannu. Amma fa kada sha'awar zamani ta sa a cika gida da masan ruwa alhali babu tanki babu burtsatse, sai 'yan ga-ruwa, domin masan ruwa da babu ruwa ya fi kowace shadda ƙazanta. Ramin gargajiya mai murfi da bututun fitar da wari ya fi shi mutunci nesa ba kusa ba. A nisanta rami da rijiya, masana lafiya sukan ce kamar mita 30, kada kuma a saki ruwan wanka ya bi lungu ya shiga ƙofar maƙwabci, don cutar da maƙwabci abu ne da shari'a ta hana, haka ma buɗe taga mai leƙa tsakar gidansa, abin da masu ɗora bene don ɗalibai ya kamata su lura da shi tun a zane. Wuta kuwa, jihar tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, kuma mita ɗaya ga gida duka ita ce uwar husuma, saboda mai fanka ɗaya ba zai yarda ya biya daidai da mai firji da abin dafa ruwa ba. A nemi mita mai kati, ko a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitarsa, a kuma tabbatar wanda zai tashi bai bar bashin wuta ba. Ƙaramar sola da za ta ɗaga ruwa zuwa tanki ta haska tsakar gida ta zama abin da ke bambanta gidan da ake rububi da wanda ake wucewa.

Abin mamaki, kusan duk waɗannan mas'aloli suna nan a littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Gwandu da Jega tun kafin a san kwano. Malikiyya sukan kira hayar gida da dabba kira'i, su bar lafazin ijara ga aikin ɗan Adam, kuma sun shardanta a san kuɗi a san wa'adi, don kauce wa garari. Sun bambanta hayar da aka yanke wa muddar da aka ambata, wadda suke kira wajiba, ba mai ikon warware ta shi kaɗai, da ta wata-wata, mushahara, wadda kowa ke iya fita daga cikinta sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta bayyana cewa mutuwar mazaunin gida ba ta warware haya, amma rushewar gidan kafin wa'adi tana warware abin da ya rage, saboda haka mai gidan da ya tashi korar matar mamaci kafin ta gama takaba, alhali mijinta ya biya shekara, ya saɓa wa littafi kafin ya saɓa wa mutunci. Muhtasar na Shehu Halilu ya kai har ga ɗigar ruwa daga rufi: ba a tilasta wa mai gida gyara, amma ɗan haya yana da zaɓin tashi idan aibin mai cutarwa ne, in kuwa ya zaɓi zama to ya biya cikakke. Ya kuma halatta a shardanta wa ɗan haya kwasar masai, ko ya yi gyara da yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba a kansa. Shi ɗan haya amintacce ne, ba ya ramuwar abin da ya lalace don tsufa, sai abin da ya ɓata da ta'adi ko sakaci. Tun da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ban ga dalilin da zai sa Alhaji ya ji kunyar miƙa wa Malam takarda ya sa hannu ba, ko da kuwa sahu ɗaya suke salla.

Takardar ba ta bukatar lauya in gidan ƙarami ne. Ta ƙunshi sunaye, da ɗakin da ake magana, da kuɗi, da ranar shiga da ta fita, da adadin waɗanda za su kwana, da wanda ke biyan wuta da ruwa da kwasar masai, da hanin sa wani a ɗakin ba da izini ba, da sharaɗin cewa duk gyaran da za a cire daga haya sai an sanar kafin a taɓa. A ɗauki hoton ɗakin da waya ranar ba da makulli, shaidu biyu su sa hannu. A wannan zamani na rashin tsaro, da mutane ke ƙaura daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, mafi yawansu bayin Allah ne masu neman mafaka da suka cancanci sassauci, amma wajibi ne a san kowa, a kai shi gaban mai unguwa, a sami wanda ya tsaya masa. Rasit kuma a riƙa bayarwa ko da ta waya aka turo kuɗi, balle ma sabuwar dokar haraji da aka sa ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai biyan haraji rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, don haka ma'aikata za su riƙa neman shaida.

Wanda ke zaune Abuja ko Kaduna ya bar gida a hannun wakili, ya yanka masa haƙƙinsa a fili, domin wakilin da aka ce ya yi don zumunci yakan biya kansa da kansa ta hanyar da ba a so. Ƙarin kuɗi a sanar da shi da wata biyu ko uku, a yi shi kaɗan-kaɗan, ɗan hayar da ke biya a kan kari yana share ƙofar gida kuwa a yi masa rangwame, don samun irinsa ya fi ƙarin dubu goma wuya. In abu ya ɓaci, a fara da mai unguwa da limami, in ya faskara a je kotu. A dokokin haya na yawancin jihohin ƙasar nan, idan ba a rubuta wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda yake da shi, mai biyan shekara wata shida, sa'an nan a ƙara masa na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Cire ƙyaure, ko kware kwano, ko watsa kayan mutum waje, duk yakan juyar da shari'a, mai bin bashi ya koma wanda ake tuhuma. Zakka kuwa ba ta hau kan ginin da aka ajiye don haya ba, tana kan kuɗin da aka karɓa idan sun kai nisabi shekara ta zagayo suna hannu.

Su kuwa masu kangayen nan na bakin hanya, da yawansu da za su haƙura da ɗaki goma sha biyun da suka zana, su tattara abin da ke hannu su rufa uku na gaba, su haƙa masai, su sa ƙyaure da tanki, da tuni wani malamin firamare ko ɗaliban aji ɗaya sun shiga, hayar shekarar farko ta sayi kwanon ɗaki na huɗu. Lokacin yin haka kuwa shi ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, sa'ad da yashi ke bushe a gulbi, motar ɗaukar kaya ke iya shiga lungu ba ta kafe ba, magina kuma ba su koma gona ba tukuna.